Masu binciken lafiyar ƙwaƙwalwa sun zo unguwarmu a Agege: in raka su ko in janye?

Tambaya: Likita, wasu ma'aikatan jami'a sun zo wajen manyan unguwarmu a nan Agege, suna so su bi gida-gida da shago-shago su yi wa mutane tambayoyi kan damuwa, rashin barci da shaye-shaye. Da yake ni ne sakataren matasa, an ce in riƙa raka su ina yi musu tafinta. Jama'a sun fara ƙananan maganganu. Wasu na cewa ƙidaya ce a fakaice don a san yawanmu a kore mu, wasu na cewa mahaukata ake nema. Ni kaina ban san amfanin abin ba. In shiga ko in janye jikina?

Amsa: Ƙanena, shawarata ka shiga, amma da idonka biyu, kuma da sharuɗɗanka a hannu. Na daɗe ina wannan aiki tsakanin asibiti da unguwanni. Na ga binciken da ya amfani jama'a, na kuma ga wanda aka cika takardu aka zuba a mota aka tafi, ko sallama babu. Galibi abin da ke raba su shi ne irin mutumin da aka sa a wurin da ake so a sa ka.

Kada ka raina tsoron da mutanenku ke yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, rabinsu aka ba Trovan, rabi wani maganin, yara 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko iyaye sun san gwaji ake yi. Wannan tabon na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003. A nan Legas kuma, mutumin da aka hana shi acaɓa a 2020, aka sake ƙarfafa haramcin a 2022, ya ga babur ɗin ɗan'uwansa a bayan motar hukuma, ba za ka ce masa ya saki jiki da baƙo mai tambayar “ku nawa ne kuke kwana a nan?” ba. To amma an samu sauyi. Tun 2007 Najeriya take da ƙa'idar ƙasa ta binciken lafiya, kuma ba a yarda a yi bincike a kan mutane sai wani kwamitin ɗa'a ya duba ya amince a rubuce. Akwai irin waɗannan kwamitoci a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, da LASUTH a Ikeja, da cibiyar binciken lafiya ta NIMR a Yaba. Abu na farko da za ka nema ke nan: takardar amincewar kwamiti, mai lamba da kwanan wata, da sunan shugaban binciken, da inda za a kai ƙara idan an saɓa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. In suka fara kame-kame, ka gaya wa manya a dakata.

Batun “mahaukata ake nema” kuwa, kuskuren fahimta ne da harshenmu ma yake taimaka masa. Mu in an ce hauka, wanda ke yawo tsirara a bakin kasuwa muke gani. Wannan ɗan ƙaramin yanki ne na abin da ake magana. Mafi yawa mutane ne da ke fita nema kullum, suna salla a sahu tare da kai: magidancin da wata uku ke nan barcinsa bai wuce awa biyu ba, mai jegon da ke kuka ba ta san dalili ba, yaron da gabansa ke faɗuwa duk lokacin da ya ji jiniya, ɗan dakon da ba ya iya ɗaga buhu sai ya haɗiyi tiramadol. Waɗannan ba sa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa. Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba yana nan tun 1907, amma sunansa kaɗai zagi ne a bakin mutanen Legas, kuma ba a kai mutum can sai abu ya gagari gida da malam. In ka ƙirga marasa lafiya a ƙofar asibiti, waɗanda tura ta kai bango kawai ka ƙirga. Shi ya sa ake fitowa unguwa.

Irin wannan fitowar ce ta ba mu ɗan abin da muka sani. Tsakanin 2001 da 2003 Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci wani babban bincike. A ɓangaren da aka yi a ƙasar Yarbawa an tattauna da kusan mutum 5,000, aka samu kusan kashi 12 cikin 100 sun taɓa fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa a rayuwarsu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, cikin waɗanda larurar ta yi wa tsanani, kusan kashi 8 cikin 100 ne kawai suka samu wani magani a shekarar da ta gabaci binciken. A 2015 kuma aka yi na jihar Legas, ƙarƙashin Farfesa Abiodun Adewuya, da mutum sama da 11,000, aka ga alamun ciwon damuwa a jikin kashi 5.5 cikin 100. Ka haɗa wannan da ƙorafin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha yi, cewa ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Da irin waɗannan alƙaluma ake zuwa gaban gwamnati a ce a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, a sayi magani, a gyara doka. Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 sai a Janairun 2023 aka maye gurbinta, da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

To mu ina muke a cikin waɗannan lissafe-lissafe? Nan ne dalilin da ya sa na ce ka shiga. Binciken gida-gida yana tafiya ne da taswirar ƙidaya: a zaɓi yanki, a jera gidaje, a yi ƙuri'a a ɗauki wasu, a cikin kowane gida a ɗauki mutum ɗaya. Tsari ne mai kyau ga wanda yake da gida. Bahaushen da kakansa ya zauna a Agege, yana da ɗaki da iyali, zai iya faɗawa ciki. Amma ɗan ci-rani da ke kwana a rumfar 'yan gwari a Mile 12, ko a barandar masallaci a Idi-Araba, ko a kangon da yake gadi a Lekki, ko a gefen garke a Alaba Rago, ba shi da “gida” a idon taswira. In an zo da hantsi ya fita, in an zo da damina ya tafi noma. In ma an same shi, takardar da Turanci take ko Yarbanci. Waɗannan kuwa su ne suka fi kowa ɗaukar nauyi: nesa da iyali, ga aike da ake jira a gida, ga labarin 'yan bindiga sun shiga ƙauyensu yana zuwa ta waya cikin dare. Wanda ba a ƙirga ba, ba a yi masa kasafi.

Yanzu bari in zo kan takardar tambayoyin, don nan ne aikinka yake, kuma nan ne aka fi yin ɓarna ba tare da an sani ba.

Mai yiwuwa abin da za su riƙe shi ne wanda ake kira PHQ-9. Tambayoyi tara ne kan makonni biyun da suka wuce, kowace ana ba ta maki daga 0 zuwa 3, jimla 27, kuma yawanci daga 10 zuwa sama ake cewa mutum na buƙatar a duba shi. A Amurka aka tsara shi. Kayan aiki ne mai kyau, ni ma ina amfani da shi, amma ka dubi yadda yake tuntuɓe a wurinmu. Akwai tambayar gajiya. Wane ɗan dako ne a Mile 12 zai ce bai gaji ba? Akwai ta barci, ga shi kana tambayar mai gadi ko mai shayin da ke rufewa ƙarfe biyun dare. Akwai ta cin abinci, wadda ba ta da ma'ana in an yi ta cikin azumi, ko ga wanda rashin kuɗi ne ya hana shi ci ba rashin marmari ba. Akwai ta kasa tattara hankali, misalin da aka bayar a ciki shi ne karatun jarida ko kallon talabijin. Ni na fi tambayar mutum ko yana yawan rafkanwa a salla har ya kasa sanin raka'a nawa ya yi, ko yana kuskuren canji a ciniki alhali da ba ya yi. Sai ka ga ya ɗago kai ya dube ka, don ka taɓo wurin.

Wancan yana kumbura maki, akwai kuma abin da ke danne shi. Tambayi dattijo ko yana jin ya yanke ƙauna, zai ce maka a'uzu billahi, mumini ba ya yanke ƙauna daga rahamar Allah. Gaskiya ya faɗa, amma ba amsar abin da ake nema ba ce. Tambaye shi ya gida, ya ce lafiya lau. Ya haƙuri, ya ce da godiya. An yi mana tarbiyya a kan cewa kai kuka gazawa ce, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na tuna wani mahauci da muka taɓa zama da shi. Duk tambayar da aka yi masa, alhamdulillahi. Makinsa ya fito kusan babu. Muna naɗe takarda ya ce, “Likita, ko akwai maganin zafin ƙirji? Zuciyata ce ke min nauyi, kaina kamar ana hura wuta, tunani ya yi min yawa tun da yarona ya rasu.” A minti ɗaya ya ba mu abin da tambaya tara ta kasa fitarwa. Laifinmu ne, mun zo da kalmomin da ba nasa ba.

Haka mutanenmu suke faɗin abin: yawan tunani, faɗuwar gaba, ƙuncin zuciya, ɓacin rai, jiki ya mutu, abu na yawo a jiki, kai ya ɗau zafi. Ba mu kaɗai ba ne. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya gina aikinsa a kan kalmar Shona “kufungisisa”, wato yawan tunani. Ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitocin Harare su saurari mutane, kuma sakamakon gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. Da ya tsaya a kan kalmar Turanci, da bencin ya zauna babu kowa.

Saboda haka kada ka yarda a miƙa maka takardar Turanci a ce ka riƙa juyawa nan take. In aka yi haka, yau ka ce “damuwa”, gobe ka ce “baƙin ciki”, abokin aikinka ya ce “taɓin hankali” mutum ya tashi ya bar wurin, a ƙarshe a haɗa amsoshin tambayoyi daban-daban a kira su abu ɗaya. Yadda ake yi shi ne a fassara a rubuce, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci a gwada, sannan a zauna da mutane kaɗan a karanta musu a tambaye su me suka fahimta. In da hali, likita ya duba wasu daga cikinsu a ga ko makin ya dace da abin da ya gani. A kuma tuna Hausar Agege ba ɗaya take da ta ɗan Sakkwato ko ɗan Maraɗi da ya sauka wata biyu da suka wuce ba. Wani yaron da aka haifa a nan ma Yarbanci ko Burokin ya fi masa sauƙi, a bar shi ya zaɓa.

Akwai wata matsala da kai kanka kake ɗauke da ita, kada ka ji haushi. Kai ɗan unguwa ne. Amfaninka ke nan, illarka ke nan. Mutum zai buɗe maka ƙofa don ya san mahaifinka, kuma saboda ya san mahaifinka ba zai faɗa a gabanka cewa yana shan kodin ba. Mun taɓa yin wannan kuskure, muka ɗauki ɗan wani babba a unguwa ya yi mana tafinta, sai muka samu unguwar da babu mai shan komai, babu mai damuwa, kowa lafiya lau. Mafita ita ce a yi musaya: kai ka gabatar da su a layinku, amma wanda zai zauna a yi tambayoyin ya zo daga wata unguwa, kai kuma ka je tasu. Kada ka yi wa danginka, ko maƙwabcinka na kusa, ko wanda kake bi bashi. Mata kuwa mace ce za ta tambaye su, a wurin da miji da uwar miji da kishiya ba sa ji. Malamar Islamiyya ko unguwarzoma za ta iya buɗe hanya, amma ita ma ta ba da wuri in an fara. Abin da ka ji kuma ya mutu a cikinka. Magana ɗaya in ta fita ta isa majalisar mai shayi, aikin ya ƙare, kuma ka jawo wa wani abin da zai bi shi har wajen neman aure.

Izinin manya ƙofa ce kawai. Sarki ko mai unguwa ya ce a shiga, wannan bai zama yardar kowane mutum ba. Kowa sai an karanta masa bayani da harshen da yake ji: su wane ne, me za a tambaya, minti nawa, ina amsar za ta je. Yana da damar ya ƙi, ko ya tsallake tambaya, ko ya tashi a tsakiya, ba tare da ya rasa komai ba. Ka san yadda dangwala yatsa a takarda ke tayar wa mutane hankali, don haka a yi bayani a gaban shaidan da shi ya zaɓa, a bar masa kwafi. Takardar amsa lamba za ta ɗauka, ba suna ba. Ba ruwan binciken damuwa da katin ɗan ƙasa, ko lambar babur, ko takardar zaman wanda ya zo daga Nijar. In ka ga waɗannan a ciki, ka tambayi dalili. Ɗan kuɗin mota ko sabulu don lokacin da aka ci wa mutum ba laifi ba ne, amma in kuɗin ya yi yawan da talaka ba zai iya cewa a'a ba, an sayi yardarsa ke nan.

Tambaya ta tara ita ce ma'aunin da nake gane masu bincike na gaske da shi. Tana tambayar ko mutum yana jin gara ya mutu, ko yana tunanin cutar da kansa. Yin tambayar ba ya sa wa mutum tunanin, wannan an bincika an tabbatar, sau da yawa ma sauƙi yake ji don an samu wanda ya tambaya. Amma ka ce musu: in wani ya ce e, me za ku yi a ranar? Wa za a kira, wane asibiti, wa zai biya kuɗin mota da kati da maganin farko, wa zai waiwaye shi bayan mako guda? Dole a samu amsa mai suna da wuri, ko ƙaramin asibitin unguwa da aka horar da ma'aikatansa, ko sashen ƙwaƙwalwa na LASUTH tunda Ikeja ta fi kusa da ku, ko Yaba. A gaggawa kuma akwai lambobin waya 112 da 767 na jihar Legas. Wanda zai tono wannan ciwo ya rubuta maki ya wuce gida na gaba, bai cancanci a raka shi ba.

Za a kawo maka maganar aljanu da sammu, ko shakka babu. Kada ka tsaya musu, kuma ka hana baƙinka yin dariya. Mafi yawan mutanenmu wajen malam suke fara zuwa, a yi ruƙiyya, a sha rubutu, kuma binciken da bai tambayi wannan ba ya bar rabin labari. Wannan ba sabon tunani ba ne. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama da danginsu a gidajen mutanen ƙauye suna zuwa asibiti da rana, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A 2020 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci ke zuwa wajen masu maganin gargajiya da masu addu'a suna duba masu taɓin hankali tare, kuma marasa lafiyar sun fi samun sauƙi. Ni abin da nake gaya wa malamai shi ne, ku yi addu'arku, mu ba da maganinmu. Inda ba na sassautawa uku ne: ɗaure ƙafa da mari, duka da sunan fitar da aljani, da cewa mutum ya daina shan magani.

Sai batun shaye-shaye, wanda nake so ka sa wa ido sosai saboda yadda za a rubuta shi. Binciken ƙasa na 2018 da hukumar ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna kashi 14.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wata ƙwaya a shekarar da ta gabata, kuma Kudu maso Yamma ce ta fi kowane yanki, da kashi 22.4. Matsalar ta kowa ce. Amma in aka yi bincike a unguwar Hausawa kaɗai, ba a kwatanta da maƙwabta masu irin sana'a da irin samu ba, gobe jarida za ta buga cewa Hausawan Agege 'yan ƙwaya ne, mai neman dalilin rusa kasuwa ya samu. Ku nemi alkawari a rubuce cewa za a dawo a karanta muku sakamakon da Hausa kafin a kai shi ko'ina, a zauren manya da kuma wajen mata, kuma ba za a ambaci sunan layi ko masallaci ba.

Kai ma aiki za ka yi, don haka a yi maganar horo da haƙƙinka tun farko, kada kunya ta hana ka. Kuma ka tambayi wanda za ka riƙa zama da shi ku tattauna in abin da kake ji ya fara yi maka nauyi, don zai yi.

Kafin ranar da za su dawo, ka karɓi takardar tambayoyin ta Hausa. Ka samu dattijo ɗaya, da ɗan ci-rani ɗaya da bai daɗe da zuwa ba, ka sa wata yayarka ta samu mace ɗaya. Ku gaya musu ba amsa kuke so ba, so kuke ku ji ko maganar ta fita. Duk inda aka ce “me kake nufi?”, ko aka yi dariya, ko aka ɓata fuska, ka sa alama da biro. Wannan takarda mai alamomi ita za ka ajiye a gabansu a zaman farko, ka ga yadda za su karɓe ta.